Takalmina a Titin Gyaɗi-Gyaɗi

A Daidaita Sahun Malam Sabo daban yake: ga fanka, ga wurin cajin waya, ga darduma fes tana ƙamshin turare. Ranar da zan je gaida surukaina a Daurawa na fara shigarsa. Ina ganin dardumar nan na tuɓe takalmina a bakin titi kamar mai shiga falo, har ina yi wa na kusa da ni faɗa: "Haba Malam, da takalmi?"

Sai da muka isa na zuro ƙafa, ƙasa ta ƙone ni. Bawan Allahn da na yi wa faɗa bai yi dariya ba, ya cire silifas ɗinsa ya ba ni. Haka na shiga gidan surukaina da babbar riga da silifas ɗin aro.

Har yau ƙannen matata kan leƙa ƙafata su ce, "Yaya, yau da naka ka zo?"