Malam Haladu Asaten da Kunamar Gidan Burodi

Wani mutum ne a Malumfashi, Malam Haladu, amma ko matan ƙauye masu kawo nono sun fi saninsa da Asaten. Ya taɓa aikin akawu na ɗan lokaci, ya fito da kalmar Turanci guda ɗaya, ya riƙe ta kamar gadon uba.

Ka ce masa an yi ruwa a Funtuwa, sai ya ɗaga yatsa: "Ka asaten?" Kafin ka kuɓuta sai ka sha tarihi. Wai tushen kalmar na cikin Latin, harshen Rumawan da. Faransawa suka ɗauka, Ingilishi suka ara a wurinsu. Da can ma'anarta ka tabbatar wa wani magana, daga baya ta koma ka bincika da kanka har shakka ta kau. Kuma wai duk garin shi kaɗai ke aiki da ita, saura ji-ta-ji-ta muke ci. Wallahi ya ishe mu.

To, sai ya faɗa neman auren wata bazawara, Kande, ƙanwar Alhaji Sallau mai gidan burodi. Son nan na gaske ne, har ramewa ya yi. Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike, kamar yadda aka saba.

Ana cikin haka ranar kasuwa Haladu ya ci karo da wani mai maganin kunama. Bai yarda da baki ba, ya ce sai ya asaten. Mai magani ya shafa masa wani baƙin gari, ya ciro kunama daga gwangwani ya ɗora masa a tafin hannu. Ta yi ta kai duka da wutsiya, ko gezau. Haladu ya sayi magani, aka ba shi kunamar gyara.

Daga ranar muka shiga uku. Kowace majalisa sai ya fito da gwangwani. Kunama a hannu, kunama a wuya, kunama a leɓe. "Gani ya kori ji," in ji shi.

Ran da zai je jin amsa ya sha babbar riga, ya tarar da Alhaji a bakin gidan burodi ana sauke itace. Ana gaisawa sai ma'aikata suka watse. Wata 'yar jar kunama ce ta fito daga ɓawon itace, wutsiya a sama. Wani ya ɗauko takalmi.

Haladu ya hango Kande a bakin ƙofa ta zo ɗaukar garwashi. Shi ke nan, kai ya kumbura.

"Kada wanda ya taɓa ta!"

Alhaji ya ce, "Malam, bari a kashe ta mana."

"Ranka ya daɗe, ni ba na aiki da an-ce. Na asaten."

Ya shafa garinsa, ya kamo ta da yatsu biyu. Maimakon ya jefar ya tsira da mutunci, sai ya gyara tsayuwa ya fuskanci ƙofa, ya ɗora ta a leɓe. Ya fara, "Tun zamanin Rumawa..."

Sai kunama ta zabga masa harbi!

Ihun da ya yi, sai da tantabarun unguwa suka tashi fir. Hula gabas, takalmi yamma. Ya yi tsalle ya dire, ya sake tsalle, yana kiran innarsa da ta rasu tun kafin a sa kwalta a garin. Leɓe ya tashi kamar burodin Alhaji. Gwangwani ya faɗo daga aljihu, ƙwal, kunamarsa ta fito tana tafiyarta a hankali.

Alhaji ya sa tsinke ya juya ta. Kowa ya leƙo. Wutsiya dungu, ƙarin nan tuni mai magani ya ɓalle shi. Ashe duk kwanakin nan da gurguwa yake mana wasa. Kande ta toshe baki da mayafi ta shige ciki, ana jiyo dariyarta har waje.

Haladu ya buɗe baki zai yi bayani, ba abin da ya fito sai yawu.

Alhaji ya miƙa masa hularsa, ya ce, "Malam Haladu, ka je Rum, ka biya Faransa, ka sauka Ingila, amma ba ka leƙa wutsiya ba? Je ka gida a sa maka magani. Maganar Kande kuwa, ni ma na asaten."