Biskit ɗin Janar Bashari

Duk mazaunin unguwar Gubaira ya san cewa lafiyar Hausawan Riyadh tana wuyan mutum ɗaya, Injiniya Bashari. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, amma ya taɓa yin kwana uku yana gyaran ta wani asibiti, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake shan shayi a gabansa cikin kwanciyar hankali. Ana kiransa Janar a bayan idonsa. Da labari ya kai masa, ya ce a riƙa faɗa a gabansa.

Bana ƙungiyar 'yan gida ta tashi zaɓen shugaban kwamitin lafiya. Janar ya ƙwallafa rai a kan kujerar, don hoton mai ita zai fito a kalanda. Sai ya ƙudura ciyar da masu zaɓe biskit ɗin hatsin ot, irin wanda matan Turawa ke aika wa mazajensu a fagen yaƙin duniya.

"Da wannan aka ci yaƙi," in ji shi. "Kuskurensu ɗaya, ba su nemi shawarata ba."

Ya cire sukari. Ya cire bota. Kwakwa ya ce maiƙo gare ta, zuma kuwa sukari ce ta naɗa rawani. Abin da ya rage ot ne da dusa da ruwa.

"Baban Amir, ko dabino ɗaya ka jefa mana," in ji matarsa Muhibba.

"Soja ba ya neman daɗi."

Awa biyu ya gasa, don ƙwayoyin cuta su san da gaske yake.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a wani gidan taro a unguwar Sulay. Ina wurin. Janar ya bi mutane da faranti ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kan kowa har sai ya ɗauka. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ridwan, shi ya fara gatsa. An ji ƙarar daga bakin ƙofa. Ya ce masha Allah, ya dafe kunci.

Sai jama'a suka koma jiƙawa a gahawa. A garin nan mai zuba gahawa ba ya dainawa sai ka girgiza masa finjali, ranar kuwa ba wanda ya girgiza. Buta huɗu ta ƙare. Biskit ya shanye gahawa, yana nan yadda yake.

"Kun gani?" in ji Janar. "Ba wanda ya iya cinye nasa. Ƙoshi ke nan. Guda ɗaya ya ishi magidanci da iyalinsa har wata."

Aka ɗaga hannu, aka ƙirga. Kujera ta tafi ga Safiyatu, wata nas da ta aiko da cincin daga sashen mata. Janar ya samu ƙuri'a biyu. Ɗaya tasa ce. Ɗayar ta Dakta Nafiou ce, likitan haƙori ɗan Maraɗi, wanda ya riƙe masa hannu har bakin mota, yana roƙonsa kada ya karaya, ya gasa wa kowa da Sallah.