Yaron da Ke Zagi da Lissafi

Wani malami ne, ya daɗe yana neman aiki har takalminsa ya fara dariya. Ran nan aka haɗa shi da wata mata mai neman wanda zai riƙa koya wa ɗanta lissafi a gida.

Ya je, aka zaunar da shi a falo, aka kira yaron. Ɗan ficici ne, bai fi shekara bakwai ba, kunnuwa fato-fato. Malam ya yi murmushi ya ce, "Sannu ɗan samari, ya sunanka?"

Yaro ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mama, wane jaki ne wannan?"

Uwar ta ce, "To ka ji matsalar, Malam. A garejin babansa ya kwaso. Babansa kuma ya yi tafiya, ya ce in ya dawo zai gwada shi da kansa. In ya iya lissafi kuma bakin ya gyaru, aiki naka ne. In ba haka ba, kai ne na huɗu da za mu sallama."

Malam ya ce, "Haba Hajiya, ai wannan ƙaramin abu ne."

Ranar farko ya yi nasiha, yaro ya kira shi mai kan kwakwa. Rana ta biyu ya zare ido, yaro ya ce idon kamar na kwaɗon da mota ta taka. Rana ta uku ya kawo alawa, yaro ya shanye, sannan ya zagi mai shagon da ya sayar da ita.

Malam ya koma gida ya yi ta tunani, sai dabara ta faɗo masa. Shi a ganinsa ba a taɓa yin mai basira irinsa ba. Washegari ya ce wa yaron, "Zo in koya maka zagin manya. Wanda kake yi na yara ne. Duk wanda ya ɓata maka rai, ka dube shi ka ce masa uku sau huɗu."

Yaro ya zaro ido. "Yana da zafi?"

"Sosai ma. In ya ƙara, ka ce masa shida sau bakwai. Tara sau tara kuwa, sai an kai ka bango."

Yaro ya haddace su tas a zama ɗaya. Malam sai murna yake, zagi ya tafi, lissafi ya shigo. Abu ɗaya kawai ya manta, bai koya masa amsoshin ba.

Kafin mako ya zagayo gida ya rikice. Kyanwa ta sha madarar yaro, ya bi ta da gudu yana cewa, "Huɗu sau takwas kawai." Mai kawo ruwa ya taka masa ƙwallo, ya ware masa yatsun hannu biyu ya ce, "Biyar sau biyar." Mutumin bai san me ake nufi ba, amma ya ga fuskar, ya ajiye jarka ya ce shi ba a taɓa ci masa mutunci haka ba.

Ana cikin darasi sai ga ƙanwar yaron ta shigo tana kuka. "Mama, Yaya ya ce min tara sau tara."

Uwar ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Ƙanwar taka za ka ce wa tara sau tara? Me ta yi maka da zafi haka?"

"Ita ta fara ce min bakwai sau biyu."

"Ko ma me ta ce, ai ba ta kai tara ba. Malam, kana zaune ake irin wannan magana a gabanka?"

Malam ya share gumi ya ce, "Ai ci gaba ne, Hajiya."

Ranar Asabar uban ya dawo. Ƙato ne, murya kamar injin da salansa ya fashe. Ya zauna a kujera, matar ta gaya masa kwana da kwanaki ba a ji ashar ko ɗaya a gidan ba. Ya jinjina kai, ya miƙa wa Malam hannu. Malam har ya fara hango sabon takalmi.

Uban ya ce, "Saura lissafi. Kai, zo nan."

Yaro ya zo ya tsaya, hannu a baya.

Uban ya nuna shi da yatsa ya ce, "Uku sau huɗu."

Yaro ya yi turus.

"Ba ka ji ba ne? Shida sau bakwai."

Idon yaro ya ciko da ƙwalla.

Uban ya ɗaga murya. "Da kai nake. Tara sau tara!"

Yaro ya juya ya dubi Malam, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Malam, in rama ne, ko in ƙyale shi tunda ubana ne?"