Matashin Kujerar Verna

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Marlee ta tsayar da mota a ƙofar kakarta Verna, bayan tafiyar awa biyu daga jami'a. Da ƙarfe biyar ƙungiyarsu ta 'yan mata za ta yi bikin bayyana yayye, inda kowace yaya ke miƙa wa ƙanwar da aka ba ta rigar sanyi mai haruffan ƙungiya uku, ɗinkin hannunta. Layin su Marlee kuwa, wato jerin yayye da ƙanne nasu a cikin ƙungiyar, da yadi ɗaya suke yanka haruffan tun fil azal, shuɗi mai zanen furanni, wanda an daina sayarwa. Ƙyallen ƙarshe ne Marlee ta babbake da dutsen guga, kuma tsoro ya cika ta.

"...lafiya lau na kwana," in ji Verna daga kujerarta. "Amma ruwa ba ya tsami banza. Wa ya mutu?"

"Ke nake jira, tsohuwa, kin ƙi."

"Sai na ga aurenki, ai kin ga ba ranar tafiya. Mene ne wannan, gawayi?"

"Yadin haruffa ne. Na juya takardar gam ta manne wa dutsen guga, ina ƙoƙarin ɓamɓarewa ya ƙone."

"Shekara biyu a jami'a, ba ki san gaban takarda da bayanta ba. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada."

"Ke da kike saka zare a allura da addu'a?"

"Da addu'ar na ɗinka wa uwarki rigar aure. Sayi wani shuɗin mana, wa zai sani?"

"Kowa zai sani, Kaka. Joelle ce ƙanwar tawa, ba ta da kowa a makarantar. Sai a ce ita kaɗai ce ba ta da yadin gidansu?"

Verna ta karɓi ƙonannen ƙyallen ta kai shi kusa da hanci, don idon nata sai a hankali. Sannan ta muskuta, ta zaro matashin da ke bayanta.

"Wannan fa?"

Marlee ta yi sororo. Matashin da tata yayar ta ƙungiya ta ɗinka mata bara ne, ta manta shi a nan lokacin hutu, gabansa haruffa, bayansa kuwa shuɗin yadin nan ne zalla. Wani sanyin daɗi ya ratsa ta.

"Ɓarauniya! Wata tara ina nemansa."

"Tsintuwa ba sata ba ce. Kuma ban ce na bayar ba, bayana ya saba da shi."

"Bayan da ya lanƙwashe tun kafin a ƙera mota?"

"Ci gaba, 'yar nema. Mai roƙo da zagi, yau na ga ƙarshen zamani. Miƙo almakashi."

Verna ta farke matashin, ta yanka haruffa daga shuɗin yadin, Marlee ta manna su a riga, wannan karon tsohuwa na tsaye a kanta kamar mai gadi. Keken ɗinki ya bi gefen haruffan, ƙarfe biyu ba ta yi ba riga ta fito tsaf. Marlee ta rungume ta tana dariya, idonta ya kawo ruwa.

"To ni da me zan jingina?" in ji Verna.

Marlee ta cire tata rigar mai haruffa, ta ninke, ta cusa mata a baya.

"Jingina na ce, ban ce ki sa ba. Wadda ba 'yar ƙungiya ba, ba ta sa haruffa."

"Ni da na yi wata tara ina minshari a kansu?" Verna ta tuntsire da dariya, ta tura mata gwangwanin biskit. "Kin ci gari, ja'ira. Kai wa Joelle, ki ce mata daga kakarta ne. Ke kuma kada ki taɓa ko ɗaya a hanya."