Rasuwar Na'urar Kunnen Ladan Maharazu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Maharazu, ladanin masallacin layinmu a Jakara, nake sanar da rasuwar na'urar ƙara ji ta kunnena na dama, wadda ta cika ranar Talata ana tsakiyar sallar Magariba.

Na ɗauko marigayiya a Kasuwar Kurmi, a tiren wani mai sayar da tocila. Bai ko leƙa kunnena ba. Ya maƙala mini ita, ya koma bayana ya tafa, na waiwaya, ciniki ya faɗa. 'Yata Ummulkhairi ta yi ta roƙona in fara ganin likitan kunne, ni kuwa ina gudun a gan ni a layin asibiti a ce ladan ya kurmance.

Marigayiya mai rufin asiri ce, ta zauna ƙarƙashin rawanina ba wanda ya sani. Ba ta nuna bambanci: kukan akuya, ƙarar janareto da karatun liman duk daraja ɗaya take ba su. Idan na yi sujada takan ce fiii, jama'a su ɗora wa lasifika laifi.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ta yi ƙir-ƙir a raka'a ta biyu, ta yi shiru a sujada. Aikina shi ne maimaita kabbarar liman don sahun waje su ji. Liman ya ɗago, ban ji ba. Na bar bayin Allah goshi a ƙasa har sai da Alhaji Tanko, wani ɗan sahun gaba, ya ja kabbarar a madadina. Tun ranar lasifika tana hannunsa. Tun gemuna yana baƙi nake wannan aiki, wallahi ban san yadda zan rayu a sahun baya ba.

Ta rasu ta bar batir biyu, da kwalinta, da kunnen da ya fi da toshewa.

Gobe da safe ni da Ummulkhairi za mu kai gawar asibiti, a auna kunnen a ga ko da sauran abin ceto. Liman ya yi alkawarin in jina ya dawo, lasifika za ta dawo. Don Allah ku sa ni a addu'a. Za a binne marigayiya a kwandon sharar likita. Masu zuwa ta'aziyya su shigo zaure kai tsaye su dafa kafaɗata, kada kowa ya yi fushi in ban amsa sallamarsa ba.