Ɗan Mai Haƙar Kuza Ya Zama Malam

Jiya na kusa rasa aiki saboda na yi wa babana kwalliya. Tun da aka ce kowane yaro sai ya shiga boko, manya ke neman malamai ido rufe, har irina da ya ajiye jaka a aji shida. Na gwada ɗinki, na gwada faci, duk ban zauna ba. Da na ji saura gurbi uku, sai na ruga.

A takardar neman aikin akwai inda ake rubuta sana'ar uba. Babana shekara talatin yana haƙar kuza a Bukuru, amma maƙwabcina Fabian ya ce, "Sa'adu, wa zai ba ɗan lebura alli? Rubuta ɗan kasuwa." Na rubuta.

Jami'in da ke ɗaukar malaman, Mai Girma Sarkin Hatimi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, bai tambayi kowa biyu da biyu nawa ba. Ya dubi takardar wani Isa da ke gabana.

"Ɗan kafinta? Madalla, makarantar ba benci. An ɗauka."

Sai wata Kaneng. "Babanki magini ne? Kin taɓa kwaɓa siminti?"

"Ruwa dai nake kai masa, oga."

"Ya isa. Aji uku ba bango."

Saura gurbi ɗaya. Ya karanta tawa, ya turo min. "Ɗan kasuwa? Ba mu da abin sayarwa. Na gaba."

Na riƙe bakin tebur. "Ranka ya daɗe, kasuwar tasa a cikin rami take. Kuza yake haƙa."

Ya cire tabarau. "Haƙa? To me ya sa kake ɓoye arziki? Yara ɗari huɗu, ba rijiya, ba masai."

Ya buga hatimi har tebur ya girgiza.

A hanya na gane abin da ya sa ba a ganin 'ya'yan manya a layinmu. Ba girman kai ba ne, kada mu ɗauki alhakinsu. Sana'ar iyayensu sa hannu ce da jawabi, kuma jawabi bai taɓa tare wa yaro ruwan saman Jos ba.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Yau gidanmu ya yi malam." Ya shiga ɗaki ya fito min da digarsa.

Ran Litinin zan kama aiki. Iyayen yara, in ɗanku ya dawo bai iya rubuta sunansa ba, ku yi haƙuri zuwa baɗi. Amma dai ba zai dawo da ƙishirwa ba.