Ranar da na rubuta cewa Inna ta manta ɗanta

Ba zan taɓa mantawa ba da makona na biyu a wani ƙaramin asibiti a Goronyo, ina ɗalibar aikin jinya. Likita ya ba ni takardar tambayoyin da ake yi wa tsofaffi don a gano ko mantuwa ta fara kama su. Aikin ya burge ni. Na daɗe ina mamakin inda tunani ke tafiya idan ya bar mutum, ko yana da mashaya kamar tsuntsayen bakin dam.

Wata rana aka kawo wata tsohuwa Bafillata daga wajen Tursa. Ɗanta, dattijo mai furfura, ya ce sau biyu ta bar tukunya ta ƙone. Idan mantuwa ce, za su hana ta kai nono kasuwa.

"Kasuwag ga tun ina budurwa nike zuwanta," in ji ta, tana kallon bango.

Na fara. Ta faɗi rana, ta faɗi wata, ta faɗi garin da muke. Sai na ga tambayoyin takardar sun yi mini bushe-bushe (ni da son ƙawata abu!), na ƙara tawa:

"Inna, mi ne sunan ɗanki na fari?"

Shiru. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Na sake tambaya da ƙarfi. Ta kau da fuska. Tausayi ya cika ni, har idona ya kawo ruwa. Na rubuta: ta manta sunan ɗanta.

Da likita ya shigo, na karanta masa a gabansu, da muryar ta'aziyya. Dattijon ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa.

"Ni na ɗan farin," ya ce. "Ban taɓa jin sunana a bakinta ba."

Sai Inna ta ɗago.

"Ke yarinya, ɗiyar wa ce? A gidanku uwakki na kiran sunan ɗan fari?"

Kaina ya yi nauyi. Mahaifiyata har gobe "wancan" take ce wa yayanmu. A cikin kunyar nan na girma, amma da na riƙe biro sai na kasa gane ta.

Inna ba ta tsaya ba. Ta jero sauran 'ya'yanta, ta jero jikoki, ta shiga shanu, kowace saniya da sunan uwarta. Likita ya danne dariya ya ƙarasa gwajin da kansa. Ya ce bai ga alamar mantuwa ba, a dai duba idonta, a dawo da ita bayan wata shida. Kasuwa kuwa ta ci gaba da zuwa.

Tana fita ta nuna ni ta ce wa likita, "Wagga ma a duba ta."

Tun ranar, idan tsoho ya yi shiru, nakan ajiye biro tukuna. Sau da yawa a ɗakin nan akwai mai mantuwa, amma ba lallai ne shi ke kan bencin marasa lafiya ba.